Fistin na huɗu ya tsage: ta ina za a fara sake haɗa injin?

Mai_Boksa
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Motata Subaru Impreza WRX STI ce ta 2006 mai injin EJ257, kuma tun kafin ta zo hannuna an sauya mata turbo da wanda ya fi na asali girma, an sa manyan nozul, an buɗe salansa, sannan aka yi wa kwamfutarta saitin da ke kai matsin iska bar 1.5. Kwanakin baya ta fara shan baƙin mai, tana fitar da shuɗin hayaƙi, silo kuma ya fara rawa. Da aka auna matsin silinda, uku sun ba da kusan psi 140, ta huɗu ta tsaya a 85, kuma da aka hura mata iska sai muka ji tana fitowa ta bakin zuba mai. Mun sauke injin mun raba shi, muka tarar ƙarfen da ke tsakanin ringi na farko da na biyu a fistin na huɗu ya tsage, wani yanki ma ya ɓalle, ringin ne kaɗai ya riƙe shi a gurbinsa.

Abin da nake so in sani shi ne, shin in sayi fistin na ƙira (wanda aka matse ƙarfensa maimakon a narkar a zuba) da kwanrod masu ƙarfi in sake haɗa wannan bulok ɗin, ko kuwa in nemi sabon rabin inji na kamfani (bulok da kayan cikinsa, ba tare da tof silinda ba) in rage matsin iska? Kuma idan an haɗa, wane irin saiti ya kamata a yi masa domin kada a sake komawa gidan jiya?

Sarkin_Totur
Wa alaikumus salam. Wannan ba ta buƙatar dogon tunani, ɗan'uwa. Fistin na zubi an yi shi ne domin ƙarfin da motar ta fito da shi, wato ƙarfin doki 300, kai kuma an ɗora masa abin da ya wuce haka nesa. Ka sa fistin na ƙira, ka sa kwanrod masu kauri da kusoshi masu ƙarfi na kamfanin ARP a tof silinda, ka ƙara matsin iska ma idan kana so.

Tsohon_Makanike
Allah Ya mayar da alheri, Malam Mai Boksa. Ni ban yarda a fara da sayen kaya ba, domin har yanzu ba ka gaya mana abin da ya fasa fistin ba, ka dai gaya mana inda ya fashe. Wannan gurbin ba ya tsagewa haka kawai. Ko dai nokin ne ya daɗe yana dukansa, wato ragowar fetur da iskar da ke gefen silinda suna fashewa da kansu bayan filogi ya ba da wuta maimakon su ci a hankali, ko kuma zafi ya yi yawa har bakunan ringi biyu suka haɗe, ringin ya rasa inda zai miƙe, ya ɗaga ƙarfen da ke riƙe da shi. Sau da yawa duka biyun suna zuwa tare, domin nokin yana ƙara zafi, zafi kuma yana ƙara nokin.

Idan ka sa fistin na ƙira ba tare da ka gano tushen ba, fistin zai jure dukan, amma dukan ba zai ɓace ba, zai gangara ne ta kwanrod ya sauka a kan metal, wato shimfiɗar da ke tsakanin kwanrod da kiranshaf, ko ya ɗaga tof silinda ya ƙone gaskit. A lokacin an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin injin da ya buga ta metal yakan tafi da kiranshaf, wani lokaci har da bulok ɗin gaba ɗaya. Ka ɗauko filogi huɗun ka jera su bisa lambarsu ka duba farin jikinsu da gilashin ƙara girma. Idan ka ga ƙananan baƙaƙen ɗige-ɗige ko ƙyallin alminiyam, nokin ne. Sannan ka duba rabin metal na sama a kowane kwanrod, domin shi ne ke karɓar duka, ka gaya mana abin da ka gani.

Injiniya_Daino
Ina tare da Baba a kan wannan. Zan ƙara da cewa kwamfutar motar tana ajiye shaida idan ba a cire batir an goge ta ba. Akwai wata ƙima da ake kira IAM, wadda ke nuna yadda kwamfuta ta amince da fetur ɗin da taimin ɗin (lokacin da filogi ke ba da wuta) da take gani, kuma idan ta sauka daga ƙololuwarta to ta daɗe tana jin nokin tana janye taimin. Malam Mai Boksa, idan kana da wani tsohon rikodin da aka ɗauka lokacin da motar take tafiya, ka duba mana abu uku: gaurayen iska da fetur a lokacin da aka take totur har ƙasa, yawan taimin da kwamfuta ta janye, da kuma kashi nawa cikin ɗari na lokacinsu nozul suke a buɗe. A fetur zalla, gaurayen da ke ƙonewa cif shi ne 14.7 na iska ga 1 na mai, amma injin turbo da ke ƙarƙashin matsi yana buƙatar wajen 11 zuwa 11.5, saboda rarar man ce take sanyaya ɗakin wuta. Nozul kuma idan suka wuce kashi 85 a buɗe, ba su da sauran abin bayarwa ranar da aka buƙaci ƙari.

Bako_77
Ina da tambaya ga masana. Me ya sa kusan kullum silinda ta huɗu ake ambata a wannan inji? Na sha karanta haka amma ban taɓa samun gamsasshen bayani ba.

Malam_Lissafi
Malam Bako, bayanin da aka fi yi shi ne na ruwan sanyaya inji. Silinda ta 1 da ta 3 suna gefe ɗaya, ta 2 da ta 4 suna ɗaya gefen, kuma ta huɗu tana can baya inda ruwa ba ya gudana sosai kamar sauran wurare, don haka ta fi 'yan'uwanta ɗaukar zafi idan aka matsa wa injin. Shi ya sa wasu ke buɗe wata kafa a bayan tof silinda na wannan gefen su haɗa tiyo domin ruwan ya samu mafita. Wasu kuma suna danganta abin da yadda fetur ke bi ta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya. Ni dai na fi karkata ga bayanin zafi, amma ya kamata a lura cewa ana samun tsagewa a ta biyu ma, har da sauran. Silinda ta huɗu ita ce dai ta farko da ke nuna matsalar da ta shafi dukkansu.

Mai_Supra
Ku gafarce ni, amma duk wannan wahala ta bulok ɗin alminiyam ce. Injin 2JZ-GTE na Toyota, mai silinda shida a jere da lita 3, bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe ne, kuma mutane sun daɗe suna ninka ƙarfinsa ba tare da sun buɗe cikinsa ba. Haka ma 4G63 da Mitsubishi ta sa a Lancer Evolution tun daga na farko a 1992 har zuwa na tara. Da ni ne, da na sayar da motar na nemi ɗaya daga cikin waɗannan.

Uwar_Gareji
Malam Mai Supra, mutumin ya tambayi yadda zai gyara motarsa ne, bai tambayi wadda zai saya ba. Kuma baƙin ƙarfe bai hana fistin narkewa idan fetur ya gaza, na ga 4G63 da rami a tsakiyar fistin wanda ɗan yatsa zai shiga.

Malam Mai Boksa, abin da nake so in ja hankalinka a kai shi ne tsafta, domin a nan ne na ga an fi yin asara. An taɓa kawo mana wata mota da aka haɗa injinta a wani gareji da kaya masu kyau ƙwarai, amma ba ta yi nisa ba metal ya tafi. Da muka yanka filtar mai muka buɗe takardar cikinta, sai ga ƙyallin jan ƙarfe a kowane lanƙwasa, kuma da muka bi sawu muka tarar an mayar da tsohon abin sanyaya baƙin mai ne bayan an ɗauraye shi da fetur. Cikin wannan abu ƙananan hanyoyi ne masu yawa da ba a iya wanke su, suna riƙe garin ƙarfe har sai mai ya yi zafi sannan su sake shi cikin sabon inji. Ko da naka ta fistin ya lalace ba ta metal ba, ka sauya shi da sabo. A cire matosan hanyoyin mai na bulok da na kiranshaf a bi su da buroshi, a wanke da ruwan zafi da sabulu har sai farin ƙyalle ya fito fari idan aka goge silinda da shi. Ka duba bututun da ke zuƙo mai daga ƙasan inji ko ya tsage a wajen walda, ka duba 'yar ragar da ke cikin kusar da ke kai mai ga turbo, sannan ka leƙa fukafukan turbo na ɓangaren hayaƙi ko wani ɓarɓashi ya bi ta wajen.

Mai_Boksa
Na gode ƙwarai, Baba, Injiniya da Hajiya. Na duba filogi kamar yadda aka ce, na huɗu da na biyu duk suna da ɗige-ɗigen, na huɗu ya fi yawa. Rabin metal na sama a waɗannan silinda biyu ya yi sheƙi a tsakiya, amma bai kai ga jan ƙarfe ba, kuma kiranshaf bai ji rauni ba. Na kuma samu wani rikodi da aka ɗauka kafin matsalar ta bayyana. A giya ta uku gaurayen yana tsayawa a 11.3, amma a giya ta huɗu, daga juyi 5,500 a minti zuwa sama, yana hawa a hankali har 12.4, wato mai yana raguwa, nozul kuma suna kan kashi 92. Cikin intakula, mai sanyaya iskar da turbo ke turowa, ma na tarar da baƙin mai kwance, ya jiƙe tiyo ɗin da ke shiga totur.

Injiniya_Daino
To, ga zaren nan ya fara fitowa. Gauraye da ke daidai a gajeren ja amma yake tsinkewa a dogon ja alama ce ta famfon fetur da ba ya iya riƙe matsi. A wannan tsari matsin fetur yana farawa daga bar 3, kuma dole ya riƙa hawa ɗaya bisa ɗaya tare da matsin iska, wato idan turbo ya kai bar 1.5, fetur ya kamata ya kai bar 4.5, in ba haka ba nozul za su buɗe na tsawon lokacin da aka umarce su amma man da zai fita ya ragu. Famfo kuma duk lokacin da matsi ya ƙaru, yawan man da yake turowa raguwa yake yi. Ƙila famfon ya tsufa, ƙila filtarsa ta toshe, ƙila kuma wayar da ke kai masa wuta ta yi siriri har ƙarfin lantarki yana faɗuwa kafin ya isa. Duka ukun ana iya gwada su yanzu, tun injin yana ƙasa, kuma ina ba da shawara a aika nozul huɗun a auna abin da kowane ke fitarwa a kan benci.

Tsohon_Makanike
Injiniya ya yi gaskiya, amma kada a ɗora wa fetur laifin duka a manta da man da ke cikin intakula. Tururin baƙin mai idan ya shiga ɗakin wuta yana rage wa fetur juriyar nokin, ko da kuwa an zuba mafi kyawun fetur. Tambayar ita ce ko man ya taru ne bayan fistin ya tsage, saboda iskar da ke tsallake ringi tana kora shi, ko kuwa ya daɗe yana shiga tun kafin nan. Ko wanne ne, sabon inji mai fistin na ƙira zai fi na asali tura tururi, don haka a sa masa tukunyar da ke raba mai da iska kafin iskar ta koma cikin inji.

Sarkin_Totur
Na ji bayananku kuma na karɓa, amma ko an gyara famfo maganata tana nan. Ba za a buɗe inji har ƙasa sannan a mayar da fistin na zubi ba.

Ɗan_Borin
Tunda an zo kan fistin, bari in sa baki, domin aikina ke nan. Fistin na ƙira ba iri ɗaya ba ne, akwai gaurayen alminiyam iri biyu da aka fi amfani da su. Na 4032 yana da silikon kusan kashi 12 cikin ɗari, ba ya kumbura sosai idan ya ɗau zafi, don haka ana sa shi da ƙaramar tazara tsakaninsa da bangon silinda, ba ya surutu da safe, kuma gurbin ringinsa yana daɗewa. Na 2618 kusan ba shi da silikon, ya fi jure duka domin yakan lotsa maimakon ya tsage, amma yana kumbura da yawa, dole a ba shi tazara mai faɗi, wajen milimita 0.09 zuwa 0.11 a wannan girman, kuma za ka ji yana ƙwanƙwasa kafin inji ya yi zafi. Wanda yake tayar da motarsa kullum ya yi gajeriyar tafiya ya kashe, 2618 zai cinye masa bangon silinda da wuri. Wanda kuma yake zuwa filin tsere da matsi mai yawa, shi ne ya dace da shi.

Faɗin silindar EJ257 milimita 99.5 ne, kuma ana samun fistin na 99.75 da na 100. Shawarata kada a ci ƙarfe fiye da abin da ya zama dole, idan 99.75 zai share raunin to a tsaya a nan, domin kaurin bango shi ne ke riƙe siffar silinda a ƙarƙashin matsi. A kawo fistin ɗin tare da bulok, a auna kowane ɗaya da ma'auni, a yi wa kowace silinda aiki daidai da fistin ɗinta. Abin da ba na sassautawa a kai shi ne farantin ɗauri. Idan aka ɗaure tof silinda, bulok ɗin alminiyam yana ɗan murɗewa, silindar da ta kasance da'ira cif a kan benci sai ta zama ƙwai a cikin mota. Don haka ana ɗaura wani farantin ƙarfe mai kauri a madadin tof, da irin gaskit da irin kusoshin da za a yi amfani da su, da irin ƙarfin ɗaurin, sannan a yi gugar ƙarshe. Idan kuma za a sauya kusoshin da ke haɗa rabi biyu na bulok da masu ƙarfi, dole a sake auna ramin da kiranshaf ke kwanciya, domin shi ma yana motsawa.

Malam_Lissafi
Zan ɗora a kan maganar Malam Ɗan Borin da batun tazarar bakin ringi, tunda Baba ya ambace ta tun farko a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin da gurbin ke tsagewa. Ƙa'idar da masu yin ringi suka saba bayarwa ga injin turbo na kan titi ita ce kusan inci 0.005 zuwa 0.0055 ga kowane inci ɗaya na faɗin silinda. Silindar nan ta ɗan haura inci 3.9, don haka ringin sama zai samu wajen milimita 0.50 zuwa 0.55, na biyu kuma a ba shi ɗan fiye da haka domin iskar da ta tsallake na farko ta samu hanyar wucewa, kada ta taru a tsakani ta ɗaga shi. Ana goge bakin kaɗan kaɗan, a sa ringin cikin silindarsa a daidaita shi da kan fistin, a auna, a sake gogewa, sannan a cire kaifin bakin da dutse mai laushi. Idan tazarar ta ɗan yi yawa, abin da za ka rasa kaɗan ne, amma idan ta yi kaɗan za ka rasa fistin. Takardar da ta zo cikin kwalin fistin ita ce ke da maganar ƙarshe, ta fi abin da kowannenmu zai faɗa a nan.

Haka metal. Zaren roba da ake matsewa tsakanin metal da kiranshaf domin auna tazara yana da amfani wajen tabbatarwa, amma ainihin awo da maikuromita da ma'aunin rami ake yinsa. Yawancin masu haɗa irin wannan inji suna barin wajen milimita 0.04 zuwa 0.05 a kwanrod, wanda ya fi na kamfani faɗi, shi ya sa suke barin baƙin mai na 5W-30 su koma 5W-40 wanda ya fi kauri. Kusoshin kwanrod kuma an fi samun daidaito idan aka auna yadda suka miƙe maimakon a dogara da sifanar auna ɗauri kaɗai.

Bako_77
Ni ina ganin an yi saurin watsar da zaɓi na biyu da mai tambaya ya kawo. Motata irin tasa ce, kuma lokacin da nawa injin ya gaji na sa rabin inji na kamfani, na tsaya a bar 1.2, aka yi saiti mai sauƙi, kuma har yau ba ta ƙara shan mai ba. Injin da aka haɗa a masana'anta yana zuwa da tazara da tsaftar da ba kowane gareji ke iya kaiwa ba. Wanda ba ya neman ƙarfin da ya wuce kima, wannan hanya ta fi kwanciyar hankali.

Uwar_Gareji
Malam Bako ya faɗi abin da mutane ba sa son ji. Injin da aka haɗa da hannu, ingancinsa bai wuce na hannun da ya haɗa shi ba. Sai dai turbo ɗin da ke kan motar Malam Mai Boksa babba ne, kuma babban turbo a bar 1.2 yana tura iska fiye da ƙarami a bar 1.2, don haka lambar matsi kaɗai ba ta isa a kwatanta motocin biyu ba. Ya kamata ya fara yanke wa kansa hukuncin ƙarfin da yake so da irin tuƙin da zai riƙa yi, daga nan ne zaɓin fistin zai fito.

Mai_Boksa
Motar ta yau da kullum ce, Hajiya, filin tsere kuma sai jefi-jefi. Ba na neman fiye da ƙarfin da take da shi a da, abin da nake so shi ne ya ɗore. Bisa bayanin Malam Ɗan Borin ina karkata ga 4032. Saura batun yadda za a tayar da injin a karon farko da kuma horar da shi, domin na ji maganganu biyu masu karo da juna.

Tsohon_Makanike
Yadda na saba shi ne, a cire filogi, a kashe fetur, a juya inji da kik har sai ma'aunin mai ya nuna matsi, sannan a mayar da filogi a tayar. A zuba baƙin mai na gargajiya mara santsi sosai, ba na roba (wato sintetik) ba, domin ana so ringi ya ci bango ya zauna. Da zarar ya yi zafi kuma an tabbatar ba ya yoyo, a fita da shi, kada a bar shi yana silo. A riƙa taka shi matsakaici a giya ta uku sannan a saki totur a bar giya ta ja motar, domin matsin wuta ne ke tura ringi jikin bango, sakin totur kuma yana jawo mai ya wanke garin. A sauya mai da filta da wuri, a yanka filtar a duba. Ni nakan ce a yi wajen kilomita 1,500 ba tare da matsin turbo mai yawa ba kafin a je saiti na ƙarshe.

Injiniya_Daino
A nan ne zan ɗan saɓa wa Baba, cikin girmamawa. Yawancin zaman ringi yana faruwa ne a farkon gudun injin, lokacin da zanen gugar da ke bangon silinda yake da kaifi, kuma na fi son in yi wannan aiki a kan daino, na'urar auna ƙarfin mota, mai riƙe nauyi, inda nake ganin gauraye da matsin mai da zafi a gabana, maimakon a kan titi inda ba wanda ke kallon komai. Abin da ke kashe sabon inji a wannan mataki shi ne fetur da ya yi yawa, domin yana wanke man da ke bango, ringi ya goge zanen ya bar shi sumul, daga nan injin zai riƙa shan mai har ƙarshen rayuwarsa. Don haka kada a tayar da shi da tsohon saiti, musamman idan an sauya famfo ko nozul.

Tsarin da nake bi shi ne in fara da mafi ƙarancin matsin da sifirin ɗin ƙofar hayaƙin turbo ke bayarwa, in daidaita lissafin nozul da na sensar iska har sai abin da kwamfuta ta nema shi ne abin da ma'auni ya nuna. Bayan nan ne nake taɓa taimin, digiri ɗaya bayan ɗaya, ina kallon ƙarfin juyi. Akwai wurin da ƙarin taimin ba ya ƙara komai sai matsi a kan fistin da metal, kuma a fetur na gidan mai galibi nokin yana riga wannan wurin zuwa. Inda na fara jin sa, nakan koma baya da digiri biyu ko uku, domin ranar da ake saiti ba ita ce rana mafi zafi ba, kuma man da ke tanki ba lallai ya zama irin wanda za a samu gobe ba. Wuri mafi haɗari ba ƙarshen juyi ba ne, tsakiya ne, inda turbo ke cika da sauri kuma matsin cikin silinda ya kai ƙololuwa, musamman idan direba ya take totur a giya ta biyar ko ta shida alhali juyi yana ƙasa. A nan nake sassauta hawan matsi in kuma rage taimin, ko da takardar daino za ta nuna lamba ƙasa da ta maƙwabci.

Wani abu kuma, fistin na ƙira yana da surutu, kuma sensar nokin tana iya ɗaukar wannan surutu a matsayin nokin. Wasu masu saiti sai su rage mata ji kawai, wanda hakan toshe kunnen mai gadi ne. Ni nakan ɗaura abin sauraro a jikin bulok in ji da kunnena, sannan in tantance na gaskiya da na ƙarya.

Sarkin_Totur
Me zai hana ya koma E85, fetur da aka gauraya da etanol mai yawa, ya huta da batun nokin gaba ɗaya?

Malam_Lissafi
E85 yana jure nokin ƙwarai kuma yana sanyaya iskar da ke shiga, amma gaurayensa na cif wajen 9.8 ne ga 1, wato yana buƙatar ƙarin mai sosai fiye da fetur zalla. Motar da nozul ɗinta ke kan kashi 92 da fetur zalla ba ta da wannan sarari, sai an sake dukkan tsarin man. Sannan yawan etanol ɗin da ke cikinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, a Amurka ƙa'ida ta yarda ya kasance daga kashi 51 zuwa 83, don haka sai an sa sensar da ke auna shi. Kuma tunda ba ya saurin yin nokin, mai saiti yana iya wuce gona da iri a taimin ba tare da wani gargaɗi ba, sai dai a ga kwanrod ya lanƙwashe.

Uwar_Gareji
Ko wane mai za a zuba, a sa sensar matsin fetur da ma'aunin gauraye na dindindin, a haɗa su ta yadda kwamfuta za ta yanke matsin turbo da kanta idan ɗayansu ya kauce. Direban da ke kallon titi a giya ta huɗu ba zai ga allura tana zamewa ba.

Mai_Boksa
An gwada famfon a yau. A bar 3 yana bayarwa yadda ya kamata, amma da aka matse shi zuwa 4.5 sai ya ragu sosai, kuma an samu faɗuwar wuta fiye da volt ɗaya tsakanin batir da bakin famfon. Zan sauya shi in ja masa sabuwar waya mai kauri da rile. Nozul suna wajen gwaji, bulok kuma zai tafi awo kafin in sayi fistin.

Tsohon_Makanike
Madalla. Sai dai famfo mai rauni yana rage wa silinda huɗun mai ne gaba ɗaya, alhali ka ce filogi na ɗaya da na uku ba su da ɗige. Ko dai zafin wancan gefen ne ya bambanta su, kamar yadda Malam Lissafi ya bayyana, ko kuma nozul biyu suna bayar da ƙasa da sauran. Idan sakamakon benci ya fito ka kawo mana lambobin huɗu, kuma ka sa a duba shimfiɗar tof silinda na wannan gefen da kuma lagireto kafin a rufe komai.

Ɗan_Borin
Idan ka kai bulok ɗin, ka roƙe su su auna kowace silinda a sama da tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu, su rubuta maka a takarda. Idan raunin ta huɗu ya wuce abin da 99.75 zai share, ni zan fi son a nemi wani bulok da a tafi 100, amma na san akwai waɗanda suka yi hakan a wannan zaure, su ma ya kamata mu ji ta bakinsu.